Katin Adalci a tarot: abin da sikelin ke aunawa, da dalilin da lambarsa ta rabu biyu

Tambaya: "Na ga katin tarot mai hoton mutum a zaune riƙe da takobi da sikeli. A wani saiti lambarsa 11, a wani kuma 8. Wacce ce daidai? Mece ce ma'anarsa idan ya fito a tsaye, ko a juye? Ina da rigimar kuɗi da abokin kasuwancina wadda ta kusa kai mu kotu, wani kuma ya ce mini fitowar katin na nufin ni zan yi nasara."

Malam, bari a fara da ƙarshen tambayar, don nan aka fi yin tuntuɓe. Wanda ya gaya maka haka ya faɗi rabi ne ya haɗiye rabi. Ko a wurin masu karanta tarot ɗin kansu, katin Adalci ba ya cewa kai za ka ci. Cewa yake za a ɗora maganar a kan sikeli, wanda hujjarsa ta fi nauyi ya rinjaya. Arthur Edward Waite, wanda saitinsa ya fi kowanne yaɗuwa a yau, ya fassara shi da nasarar ɓangaren da ya cancanta a shari'a. Ɓangaren da ya cancanta ya ce, bai ce wanda ya ja katin ba. Da abokin rigimarka zai zauna shi ma ya ja wannan katin, da irin murnar da ka yi zai yi, kuma ba zai yiwu ku duka biyun ku ci shari'a ɗaya ba.

Saitin tarot katuna 78 ne. Guda 56 ƙanana ne, an kasa su gida huɗu, kowane gida 14: sanduna, kofuna, takubba da sulalla. Sauran 22 su ne manya, kowanne da hotonsa da sunansa, Adalci kuma yana cikinsu. A katunan Ingilishi za ka ga an rubuta JUSTICE a ƙasa, a na Faransanci LA JUSTICE. Al'adar masu karatu ita ce a ba babban kati nauyi fiye da ƙarami. Ƙaramin kati zancen yau da gobe ne, babba kuwa ana ɗaukar sa a matsayin jigon maganar baki ɗaya.

Ma'anar katin tana cikin hotonsa, shi ya sa ya kamata a dube shi a tsanake. Ɗauki saitin Rider-Waite, wanda kamfanin Rider ya buga a Landan a 1909, Pamela Colman Smith ta zana. Mutum ne zaune sosai, yana fuskantarka kai tsaye, tsakanin ginshiƙai biyu masu ruwan toka. A bayansa an rataya labule mai launin shunayya. Jar riga ce a jikinsa har ƙasa, da koren mayafi a kafaɗa, da kambi a ka mai ɗan murabba'i a tsakiya. Hannun dama yana riƙe da takobi mai kaifi biyu, tsininsa sama. Hannun hagu yana riƙe da sikeli, farantansa biyu sun daidaita. Ƙasa kuma bakin farin takalmi guda ya leƙo daga ƙarƙashin rigar.

Sikeli bincike ne, takobi hukunci. Ana aunawa tukuna sannan a yanke, kuma alƙalin da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai cika alƙali ba: mai sikeli babu takobi zai yi ta sauraro har shekara ba tare da ya raba gardama ba, mai takobi babu sikeli kuwa azzalumi ne. Kaifi biyun nan shi ne abin da mai ba ka labari ya tsallake. Takobin yana yanka ta gaba, yana yanka ta baya, wanda ya kai ƙara ma yana iya fitowa da rauni. Tsayuwar takobin sak, bai karkata dama ko hagu ba, ana karanta ta da cewa hukuncin bai riga ya sauka a kan kowa ba. Murabba'in da ke kan kambin ana danganta shi da tsararren tunani, farin takalmin kuma da tsabtar niyya. Waɗannan biyun fassarar marubutan baya-bayan nan ce, ba su kai sikeli da takobi tushe ba, kada ka ɗora musu kaya da yawa.

Akwai abin da babu a hoton, kuma rashinsa ya fi wasu abubuwan da ke ciki muhimmanci: ba a ɗaure masa ido ba. Mutane sun saba ganin mutum-mutumin adalci a ƙofar kotuna da ƙyalle a fuska, sai su ɗauka na tarot ma haka yake. Ɗaure idon ya zo ne daga baya. Romawa ba su zana Yustitiya, gunkiyarsu ta adalci, da rufaffen ido ba. A wani zanen ba'a da aka buga a Basel a 1494, wawa ne aka nuna yana ɗaure mata ido, wato zagi ne ga kotunan lokacin, kafin daga bisani a juya abin ya zama alamar rashin son kai, kamar yadda yake a mutum-mutumin da aka kafa a birnin Bern a 1543. Tarot ya girmi wannan salon, sai ya riƙe buɗaɗɗen ido. Saboda haka adalcin wannan kati ba na wanda ya kau da kai don kada ya san waye a gabansa ba ne. Na wanda ya ga komai ne, har abin da ka so a ce bai gani ba.

Yanzu lamba. Duka biyun daidai ne, kowacce a gidanta, kuma labarin yadda suka rabu shi ne ya fi nuna yadda ma'anonin tarot suka samu.

An ƙirƙiri tarot a arewacin Italiya wajen 1440, a matsayin karta ta wasa a fadojin Milan da Ferrara da Florence. Ita kartar ma daga Masar ta zamanin Mamluk ta shiga Turai a wajen shekarun 1370, da gidajenta na kofuna da takubba da sulalla da sandunan wasan folo. Italiyawa suka ƙara mata manyan katunan nan, suka sa uku daga cikin kyawawan halaye huɗu da malaman Turai suka gada daga Girkawa: adalci, jarumta (wato katin Ƙarfi) da kamun kai. Ta huɗun, wato hangen nesa, ba ta samu kati ba a saitin da ya zama gama-gari. Tsofaffin katunan da aka yi wa gidan sarautar Visconti da Sforza na Milan ba su da lamba ko kaɗan, kuma a saman Adalcinsu akwai barde a kan doki da zararren takobi. Kowane birni da nasa jerin. A jerin Ferrara Adalci ne na 20, kati ɗaya tak ya fi shi daraja. A jerin da ya bi ta Faransa ya zama saitin Marseille, wanda bugun Nicolas Conver na 1760 ya shahara a cikinsa, Adalci na 8 ne, Ƙarfi, wato matar da ke riƙe da bakin zaki, na 11.

Kusan shekara ɗari uku da arba'in ana wasa da katunan nan kafin a ce suna ɗauke da wani asiri. A 1781 Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa tarot littafin hikimar tsoffin Misirawa ne, ba tare da hujja ba, kuma a lokacin ba a ma kai ga karanta rubutun Masar na dā ba. Wani mai duba Bafaranshe da ake kira Etteilla ya bi baya da littattafan duba. A shekarun 1850 Éliphas Lévi ya haɗa manyan katuna 22 da haruffan Ibrananci 22. Sai ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888, ta jera katunan da haruffan da burujai goma sha biyu, ta fara da katin Wawa a kan harafi na farko. Da lissafin ya zo kan 8, sai ya faɗa kan harafin Tet da burujin Asad, wato Zaki. Da ya zo kan 11, ya faɗa kan Lamed da burujin Mizani. Ga mai sikeli zaune a gidan zaki, ga mai zaki a gidan sikeli. Sai kawai suka musanya su. Waite ɗan ƙungiyar ne, ya kai wannan musanya cikin saitinsa, ya kuma ƙi yin bayanin dalili a fili. Aleister Crowley, wanda Frieda Harris ta zana masa saitin Thoth tsakanin 1938 da 1943, ya mayar da katin kan 8, ya sauya masa suna zuwa kalmar da ke nufin daidaitawa, amma ya bar masa Mizaninsa.

Amfanin sanin wannan a aikace shi ne kada ka gauraya littafi da saiti. Idan katunanka na Marseille ne littafinka kuma na Rider-Waite, ka nemi fassara ta lamba, za ka karanta ma'anar Ƙarfi a kan Adalci. Bi suna da hoto, kada ka bi lamba. Masu lissafin lambobi ma sun rabu a nan. Na 11 suna cewa katin ya zauna a tsakiyar jerin 1 zuwa 21, goma a gabansa goma a bayansa, kamar sandar sikeli. Na 8 suna cewa takwas huɗu biyu ce, daidaito kan daidaito. Kowanne ya yi daɗin ji, kuma ganin cewa lambobi biyu mabambanta sun haifi fassara guda ya isa ya nuna maka cewa fassarar ce ta riga lambar zuwa.

Idan ya fito a tsaye, masu karatu suna ba shi ma'ana hawa uku. Ta sama ita ce ta zahiri: kotu, yarjejeniya, sa hannu, rabon gado, biyan bashi, haraji, binciken asusu, jarrabawa, duk inda wani zai duba takarda ya yanke magana. Ta tsakiya ita ce sababi da sakamako, abin da ka shuka shi za ka girba. Nan ya bambanta da katin Juyin Ƙaddara, na 10, wanda ke maganar abin da ya faɗo maka ba da hannunka ba. Adalci yana maganar abin da hannunka ya ƙulla. Ta ƙasa kuwa, wadda ƙwararru suka fi tsayawa a kai, ita ce shawarar da ke jiranka wadda dole ka yanke da hankali, ka ajiye son zuciya. A tambayar aure ko soyayya ba kati ne mai ɗumi ba. Tambayarsa ita ce waye ke bayarwa, waye ke karɓa, kuma tun yaushe farantin ya karkata. Yana iya nufin ɗaurin aure, yana iya nufin rabuwa ta hanyar da ta dace, domin duka biyun hukunci ne da shaidu. A tambayar aiki yana nuni ga albashin da ya dace da wahala, ko ƙarin girma da aka cancanta, ko kuma ranar da za a buɗe littafin aikinka. Masu neman amsar e ko a'a sukan ji haushinsa, domin e ɗinsa mai sharaɗi ce: e, idan kana kan gaskiya.

A juye, wato kai ƙasa, jerin Waite ya ƙunshi sarƙaƙiyar shari'a, son kai, tsattsauran ra'ayi da tsanani fiye da kima. Masu karatu na yau sun ƙara da jinkiri, ƙarya, da gudun ɗaukar alhaki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga katin a juye a ce shi ke nan, an zalunce ni. Wannan fassara ɗaya ce cikin uku, kuma ita ce mafi daɗi ga mai tambaya, shi ya sa ake gaggawar kama ta. Ta biyu: kai ne ka danne sikelin da yatsa, kana ba da labarin rigimar ka cire wurin da ka yi kuskure. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Ta uku ta fi ɓuya: kana da gaskiya amma ka wuce gona da iri wajen karɓar haƙƙinka, ko kuma kana yi wa kanka hukuncin da ba za ka yi wa wani ba. Mai karatun da ya san aikinsa yakan jera duka ukun ya bar mai tambaya ya gane wadda ta taɓa shi.

Kafin ma a yi maganar juye da tsaye, akwai kurakuran hannu da ke ɓata lissafin. Sabon saiti yana zuwa a jere, duk katunan kai sama. Idan ba ka raba shi biyu ka juya rabi kai ƙasa kafin gaurayawa ba, babu katin da zai taɓa fitowa a juye. Gauraya sau biyu ko uku ba ta isa ba. Masana lissafi Dave Bayer da Persi Diaconis sun nuna a 1992 cewa karta mai 52 tana buƙatar wajen sau bakwai na gaurayar da ake raba ta biyu a sarƙa, mai 78 kuwa ta fi haka. In ba a yi ba, Adalci zai riƙa fitowa tare da maƙwabtansa na 10 da na 12, a yi ta neman ma'ana a abin da ragwancin hannu ya jawo. Wajen buɗe kati kuma, daga gefe zuwa gefe ake buɗewa kamar shafin littafi. Wanda ya ɗago shi daga ƙasa zuwa sama ya juya shi da hannunsa, tsayayye ya koma juyayye. Idan mutum biyu suna fuskantar juna, a yanke tun farko ta ɓangaren wa za a duba, domin abin da yake tsaye gare ka juye yake ga na gabanka. Da yawa daga masu amfani da saitin Marseille ma ba sa karanta juyayyen kati sam.

Wurin da katin ya faɗa yana sauya maganar. A shimfiɗar kati uku, jiya da yau da gobe, Adalci a gurbin farko yana nufin wani hukunci ko alƙawari da aka riga aka yi wanda yanzu ake cin sakamakonsa. A tsakiya, shawara tana hannunka. A na uku, za a zo ranar lissafi. A shimfiɗar kati goma da Waite ya yaɗa, kati na biyu a gicciye ake ajiye shi kan na farko, don haka ba shi da tsaye ba shi da juye, cikas ake karanta shi: ƙa'ida ko takarda ce ta tare hanya. Maƙwabta ma suna magana. Kusa da bakwai na takubba, mai hoton mutum yana saɗaɗawa da takubban da ya kwasa, ana cewa asiri zai tonu. Kusa da goma na sulalla, gado ko dukiyar gida. Kusa da biyu na kofuna, yarjejeniya tsakanin mutum biyu. Kusa da shida na sulalla, inda attajiri ke riƙe da nasa sikelin yana raba wa mabarata biyu kuɗi, tambayar takan koma kan wanda ke da ikon aunawa.

Kada kuma ka haɗa shi da katin JUDGEMENT, na 20 a saitin Rider-Waite da na Marseille, mai mala'ika yana busa ƙaho matattu suna tashi. Sunayensu sun yi kusa a Ingilishi, masu koyo suna yawan rikita su. Na 20 farkawa ce da kira zuwa sabon babi. Adalci lissafi ne na abin da ke gabanka yanzu, da alƙalami da shaida.

Sauran tambaya ita ce ko katin ya san wani abu game da rigimarka. Bai sani ba. Babu wani gwaji da ya nuna tarot yana hango abin da zai faru. Damar Adalci ya fito a jan kati ɗaya 1 ce cikin 78. A shimfiɗar uku 1 cikin 26. A shimfiɗar goma kusan 1 cikin 8, wanda ke nufin mai damuwar shari'a da ke shimfiɗawa kullum da wuya ya yi mako biyu bai gan shi ba, kuma ranar da ya gan shi ita zai riƙe, ya manta sauran ranakun. Dalilin da fassarar ke zama kamar da kai aka yi ta, masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer ya nuna shi a 1948: ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki 4.26 cikin 5 na dacewa. Waye ba shi da wata magana da yake jin ba a yi masa daidai ba? Ta fuskar addini kuwa maganar a fili take: Musulunci ya hana duba da gaskata mai da'awar sanin gaibu, koyarwar Cocin Katolika ma ta yi watsi da shi. Sanin tarihin hoton da ma'anarsa wani abu ne, ɗora makomarka a kansa wani abu ne dabam.

Abin da hoton ke koyarwa kuwa ana iya yin sa ba tare da kati ba, kuma shi ne zai amfane ka a wannan rigimar. Samu takarda ka raba ta biyu. A gefe ɗaya rubuta abin da kake bin abokin naka, adadi da kwanan wata, kowane layi da hujjarsa a gabansa: rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙon waya, sa hannu, ko sunan wanda ya shaida. Layin da ba shi da hujja ka yi masa alama, domin a gaban alƙali nauyinsa kaɗan ne ko da gaskiya ne. A ɗaya gefen rubuta abin da shi zai faɗa, da ƙarfin da lauyansa zai faɗe shi, har da kuɗin da ka ɗauka ba ka rubuta ba da alƙawarin da ka yi da baki. Wannan gefen shi ya fi wuyar cikawa, kuma wanda ya bar shi fayau yakan ji abin da ke cikinsa karon farko a zauren kotu. Ƙasan takardar ka sa lissafi na uku: kuɗin lauya, kuɗin shigar da ƙara, da watannin da za ka yi kana zirga-zirga, ka gwada su da abin da kake nema. Sau da yawa wannan lissafin ne ke nuna cewa sulhu a gaban mai shiga tsakani ya fi riba. Takardar nan ita za ka kai wa lauya, kuma tambayar farko da za ka yi masa ita ce wa'adin shigar da irin wannan ƙara a ƙasar da kuke, domin dokokin ƙasashe da yawa suna rufe ƙofar neman bashi bayan wasu shekaru, ko da hujjarka ta cika.